Makarantar Tudun Mishan

Tudun da aka gina makarantarmu a kai ba wanda yake son sa a da. Haka na ji daga bakin dattawan ƙauyen da ke kusa, haka kuma tsohon Fada ya sha gaya mana da bakinsa. Fada shi ne limamin Katolika, wani dogon Bature mai jan wuya, wanda ya shigo fadamar Haɗeja a kan babur tun ban san kaina ba. Ya je wurin bulama ya roƙi fili. Bulama bai so ya ce wa baƙo a'a ba, bai kuma so a kafa coci a cikin garinsa ba, sai ya nuna masa wani tudu can tsakiyar fadama, inda ba a noma saboda gara da tsakuwa, ya ce in zai iya zama a nan to ya zauna. Kowa ya ɗauka damina ɗaya za ta kore shi. Ba ta kore shi ba. Ya kafa rumfa ya fara wanke gyambo da ɗiga maganin ido, daga baya ya sa aka yi masa ɗakunan laka aka ɗora musu jinka, ɗaya coci, ɗaya aji. Da yara suka fara zuwa daga nesa, ya ga ba za su iya ƙetare ruwa kullum ba, sai ya ƙara ɗakin kwana. Ba wanda ya zauna ya tsara makarantar kwana a wurin. Ruwa ne ya hana yara komawa gida, aka nema musu wurin kwanciya.

Mu Maguzawa ne, daga wani ƙauye can yamma da Kaugama. Ina ƙarami gyambo ya ci mini ƙwauri har ana ganin fari a ciki. An yi na gida an gaji, sai mahaifina ya ɗora ni a kan jaki ya kawo ni tudun. Muka zauna a rumfar marasa lafiya har ƙafar ta haɗe. Ranar da za mu tafi, Fada ya tsugunna a gaban mahaifina, da irin Hausarsa mai karkacewa ya ce, "Baba, bar mini yaron nan ya yi karatu."

Mahaifina ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya ce, "Ƙafar da ka gyara ai taka ce. Sauran jikin ma riƙe."

Ya kwance jakinsa ya tafi. Na bi shi da gudu har bakin ruwa, wani babban ɗalibi ya kamo ni ya ɗauko ni a kafaɗa ina shure-shure.

Rayuwar tudu a hannun ƙararrawa take. Wani guntun ƙarfen layin dogo ne aka rataye a jikin tsamiya, shi ke tashe mu, shi ke kai mu addu'a, aji, gona, cin tuwo. Da rani muna noman alkama da albasa a gindin tudu, da damina muna kallon ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, sauro kuwa har cikin aji. Akwai mu 'ya'yan Maguzawa, akwai 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa mutanen kudu, waɗanda suka zo da Turancinsu da takalmansu suna ce mana 'yan ƙauye. Daga baya muka saba, har muna cin kwano ɗaya. Da rikicin da ya kawo yaƙin basasa ya taso, wata safiya Fada ya kwashe su a bayan wata babbar mota, ya rufe su da tamfol, ya tafi da su. Ya dawo shi kaɗai. Gadajensu suka daɗe ba kowa a kai, ba kuma wanda ya yarda ya hau.

Hutun damina a makaranta muke yin sa, domin ba hanya. Da rani kaɗai nake zuwa gida, shi ya sa abubuwa da yawa suka faru a gidanmu ban sani ba. Wani rani na iso na tarar da mahaifina a ƙofar gida da buta yana alwala. Na tsaya da akwatina a ka. Ya gama, ya shiga masallacin da aka kewaye da kara a inda muke ɗaure jaki a da, ya yi sallarsa, sannan ya fito ya karɓi gaisuwata.

"Mun bi jama'a," ya ce. "Garin duk an shiga. Kai kuma ka bi Fada. Kowa ya riƙe nasa, ba faɗa."

Ba a yi faɗan ba kuwa. An ba ni tuwo, an ba ni tabarma, innata ta yi mini dambu irin wanda nake so. Amma gonar da ake cewa tawa ce an riga an ba ƙanena, kuma ko yaran gidan in za su kira ni sai su ce ɗan mishan. Na yi kwanakina na koma tudu tun hutu bai ƙare ba. Fada bai tambaye ni dalili ba, ya miƙo mini fartanya kawai.

Shi ya tura ni kwalejin horon malamai. A can na ga wutar lantarki, na ga silima, na ga gari inda mutum zai yi tafiyar yini bai gamu da wanda ya san shi ba. Wani abokina ya samo mini aikin akawu a wata masaƙa a Kano. Na zo tudu don in yi sallama kawai, ko kayana ban kwance ba. Na tarar da Fada a kan tsani yana buga kwanon rufi, domin a lokacin an fara rushe laka ana sa bulo. Ya sauko, ya saurare ni har na gama, ya yi mini murna. Sannan ya ce malamin lissafi ya gudu, sauro ya kore shi.

"Ɗana, riƙe mini ajin nan zuwa rani. Da na samu wani, ka tafi."

Yaya zan ce a'a ga mutumin da nake tafiya da ƙafar da ya gyara? Na kwance kayana. Rani ya zo, wani malami bai zo ba. Abokina ya gaji da jira aka ba wani aikin.

Bayan wasu shekaru gwamnati ta karɓi makarantun mishan, tamu ma aka karɓe ta. Aka sauke gicciyen da ke bakin ƙofa, aka sake mata suna, aka ce Fada ya tsaya a cocinsa da ɗakin shan magani. Ni na zama malamin gwamnati. Ba mu ji daɗin sauke gicciyen ba, amma a raina na ce ga ƙofa ta buɗe, tunda malamin gwamnati ana yi masa canjin wurin aiki. Na nema, na sake nema. Duk lokacin da na je ofis a Haɗeja amsar ɗaya ce: ba malamin da zai yarda a kai shi tsakiyar ruwa, ni kuwa na saba. A wannan zamanin na yi aure. Matata 'yar wani katikis ce, mai koyar da addini a cocin wani ƙauye, mace mai son mutane da hira da kasuwa. Na kawo ta inda ba mace sai ita, ba maƙwabciya, ba mai yi mata kitso.

Ƙofar gaske ta buɗe ranar da gwamnati ta gina tata makarantar a bakin titi, ta kwashe ɗalibai da malamai zuwa can, ta bar tudun da gine-ginensa. Sunana yana cikin masu tafiya. Matata ta ɗaure tukwanenta tun kafin a faɗi ranar tashi, tana waƙa a tsakar gida. A lokacin Fada ya tsufa, hannunsa yana rawa, manyansa sun yi ta kiran sa ya koma ƙasarsu ya ƙi. Ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a ajin da aka kwashe wa bencina.

"Za a ba mu wurin mu sake buɗewa," ya ce. "Ƙaramar sakandare ta yara maza. Bishop, babban limaminmu, ya yarda. Amma ni ba zan iya tsayuwa a gaban allo ba."

Bai roƙe ni ba a wannan karon. Ya faɗa kawai, yana kallon hannunsa.

Da na gaya wa matata, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan ƙullin kayanta ta ce, "Malam, kai an ba da kai tun kana yaro. Ni wa ya ba da ni?"

Washegari da kanta ta kwance tukwanen ta mayar da su kan murhu.

Fada bai daɗe ba bayan an buɗe. Muka binne shi a bayan coci, bulama da mutanensa suka zo suka tsaya daga nesa har aka gama, suka yi mana gaisuwa. Daga nan limamai 'yan ƙasa suka riƙa zuwa suna tafiya, kowa ya yi wa'adinsa a ɗauke shi. Ni ne dai ba a ɗaukewa. Iyaye suna kawo yara daga Haɗeja, daga Guri, har daga nesa, 'ya'yan 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da masu shaguna, saboda an ce a tudu ba inda yaro zai je ya lalace. Gaskiya ne, ba inda zai je.

Ruwan kuma ya sake hali. Da can mun san lokacin zuwansa da na tafiyarsa. Bayan an yi madatsun ruwa can sama, sai ya zama yana zuwa lokacin da ba a zata ba, yana kuma kwanciya inda ya saba wucewa. Kachala, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, ta cinye hanyoyin ruwa, ta toshe inda masunta ke bi da kwale-kwale, tsuntsayen jan-baki suka samu gida a cikinta suna cinye shinkafar mutane. Tsakaninmu da ƙauye, inda da can fili ne na ruwa, ya zama dajin kachala. Hanya ɗaya ta rage mana, wata jinga ta ƙasa da aka cike daga tudu zuwa busasshen wuri, wadda babur ke bi.

Shekarar babbar ambaliya, limaminmu wani matashi ne daga wajen Jos, mai fara'a, mai son ƙwallo, shi ma Fada muke ce masa. Ƙarshen damina ne, an yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da safe ya hau babur ya tafi Haɗeja sayo magani da man girki, mai dafa mana abinci ya hau bayansa don ya duba iyalinsa. Sauran malaman biyu suna gari tun ƙarshen mako. Da azahar ina aji, wani yaro da ke kusa da taga ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, filin ƙwallo yana tafiya."

Na leƙa. Ruwa ne ja yana shigowa a hankali, ba ƙara, ba igiya, yana ɗauke da karare da kumfa. Muka fita muka tsaya muna kallo. Can nesa, inda jinga take, sai muka ga tsakiyarta ta zauna kamar an danna ta da hannu, ruwa ya bi ta kai. Kafin la'asar ba alamar an taɓa yin hanya a wurin. Babba a tudun daga ni sai matata, ga yara cike da ɗakin kwana.

Da farko yaran murna suka yi. Ba aji, ga tarwaɗa har gindin tuta, suna kama ta da gidan sauro. Ban hana su ba, don kifin ya shiga miya. Amma ruwan bai tsaya ba. Ya shiga ɗakin kwana na ƙasa, ya shiga ɗakin girki, ya cika masai har ƙazanta ta taso ta bi ko'ina. Muka kwashe buhunan gero da wake a ka zuwa coci, wadda ke can ƙololuwar tudun. Nan kowa ya tattaru, yara a kan bencinan coci da ƙasa, ni da matata a ɗan ɗakin da Fada ke sa rigar addu'a. Ba mu kaɗai muka hau ba. Macizai da ɓeraye da kunamu duk tudun suka nufa, saboda ba wani busasshen wuri. Kowace safiya kafin yara su sa ƙafa a ƙasa, ni da manyan ɗalibai sai mun zagaya da sanduna. Filin da ya rage mana bai fi wanda mutum zai zagaya yana riƙe da numfashinsa ba: coci, aji biyu, famfon tuƙa-tuƙa, tankin ruwa a kan ƙafafunsa na ƙarfe, da kabarin tsohon Fada, wanda ruwa ya tsaya a gefensa.

Waya ba ta kamawa sai a saman tanki. Ni da tsufana nake hawa tsanin nan kullum. Daga can sama ba abin da ido ke gani sai ruwa da kachala da kawunan itatuwa. Na kira Fada a waya, yana can bakin titi. Ya nemi masu kwale-kwale, amma ta gefen jinga ruwan yana da ƙarfin da zai kifar da jirgi, ta gefen ƙauye kuma kachala ba ta barin ko gora ta wuce. Ƙauyen ma ya nutse, mutanensa suna bakin titi a ƙarƙashin tamfol. Iyaye kuwa kira suke ba dare ba rana, kowa yana so ya ji muryar ɗansa, ni kuma ba zan bar yara su hau tankin ba. Wata uwa ta zage ni tas, ta kashe, ta sake kira tana ba ni haƙuri tana kuka.

Itace ya ƙare, muka fara fasa bencinan aji. Matata ce ke girki a baranda a kan duwatsu, da babbar tukunya wadda sai yara biyu sun kama mata. Mace ce da ta yi shekaru tana ƙorafin tudun nan, amma a kwanakin nan ban ji ta ce uffan ba. Ita ta sa dokar kada wanda ya sha ruwan da ba a tafasa ba, ita take duba ƙafafun yara da suka fara ruɓewa tsakanin yatsu.

Duk da haka ciwo ya shigo. Wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya, ɗan wani ɗan sanda da ke aiki a Guri, ya fara amai da gudawa. Kafin yamma idanunsa sun faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya. Matata ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba shi da cokali, yana sha yana dawo da shi. Muka ware shi a ɗaya daga cikin ajujuwan. Washegari wasu biyu suka bi shi. Sai cocin ta yi tsit, ba mai wasa, ba mai kama kifi. Yara suna zaune suna kallon ƙofar ajin nan.

Da hantsi wani yaro ya zo da gudu ya ce manyan ɗalibai suna bakin ruwa ta gefen jinga. Na same su sun tuɓe riguna, sun ɗaure jarkokin da ba komai a ciki a ƙirjinsu da igiyar shanya. Shugaban ɗalibai ne a gaba, yaro mai hankali wanda ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na shiga ruwan har gwiwa na juyo na fuskance su.

"Ba wanda zai wuce," na ce.

"Malam, za mu je mu kawo taimako."

"Ruwan nan ya cinye jinga. Kai ne ba zai ci ba? Ku koma."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malam, kai ka saba. Kai ka yarda ka mutu a nan. Mu ba mu yarda ba."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, shi ya sa ta shige ni. Na tsaya a cikin ruwan nan ina jin sanyinsa yana hawa ƙafata. Abin da na iya kawai shi ne na buɗe hannuwana na ce duk mai son wucewa sai ya ture ni tukuna. Muka daɗe a haka. Daga baya ƙaramin cikinsu ya fara kwance jarkarsa, sauran suka bi. Shugaban ne ya kwance a ƙarshe, ya jefar da ita ruwa ya ɗauke, muna kallo ta yi ƙasa da gudu har ta ɓace.

Na hau tanki na kira bulama. Ɗan wancan bulaman ne na farko, sa'ana, mun tsufa muna dara tare a gindin tsamiya duk ranar kasuwa. Shi ma gidansa ya rushe, jikokinsa suna kwance a bakin titi.

"Bulama, ina da yara uku a kwance. Ɗaya ba na jin zai kai jibi."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Sannan ya ce, "Malam, kana da lauje a nan?"

"Akwai na gonar makaranta. Da adduna."

"To ku fara sara daga wajenku, ku nufi doguwar giginyar nan. Mu za mu faro daga namu. Sai an yanke kachalar nan jirgi zai wuce, ba wata dabara."

Na sauko na kira shugaban ɗalibai na miƙa masa lauje. Na ce ga hanyar fita, amma sai mun yi ta da hannunmu. Ya karɓa.

Wanda bai taɓa shiga kachala ba ba zai gane ba. Ruwa har ƙirji, ƙasa laka mai riƙe ƙafa, ciyawar ta rufe sama ba ka ganin komai sai ɗan tsagin sararin sama. Ba iska ko kaɗan. Dole ka nutsa hannu ka yanke ta daga can ƙasa, in ba haka ba kututturen zai tare cikin jirgi. Ganyenta yana yanka hannu, matsattsaku suna manne wa cinya, sauro da rana tsaka. Mukan yi layi, na gaba suna sara, na baya suna janye abin da aka sara suna turawa gefe. In muka gaji muka waiwaya sai mu ga coci tana nan kusa kamar ba mu motsa ba. Yini guda muka yi, muka fito da hannuwa duk jini, muka tarar ƙaramin yaron ya daina magana, matata tana ɗiga masa ruwa a baki da tsinken auduga. Da gari ya waye muka koma.

A wannan yini na biyu, wajen la'asar, wani yaro ya ce mu yi shiru. Muka tsaya. Can cikin ciyawa muka ji sara, muka ji wani yana tari, sannan muka ji ana salati da ƙarfi irin na masu aikin gayya. Yaran suka fasa ihu. Daga can aka amsa. Mun daɗe muna jin juna ba mu ga juna ba, kowa yana sara ta inda murya take, har kachalar da ke gabana ta kwanta na ga fuskar wani masunci, laka har gira, ga hancin kwale-kwale a bayansa. Bulama yana zaune a ciki da carbinsa, rigarsa a jiƙe.

"Sannu, Malam," ya ce. "Ina marasa lafiyar?"

Su aka fara ɗauka, matata ta shiga tare da su, kan ƙaramin a cinyarta. Wannan ne karo na farko da ta bar tudun ba tare da ta tambaye ni ba. Hanyar ƙunci ce, jirgi ɗaya take ɗauka, don haka kwashe sauran ya ci kwanaki. Ƙanana aka fara fitarwa, manya daga baya. Ni na fito a jirgin ƙarshe, na kulle coci na sa mabuɗin a aljihu.

Duka ukun sun rayu. Ƙaramin ya daɗe a asibiti a Haɗeja ana ƙara masa ruwa. Ranar da aka sallame shi na je, na tarar da mahaifinsa da kakinsa yana naɗe tabarma. Na shirya jin zagi. Sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya ga yankan kachala bai warke ba, ya ce, "Baba, na gode. Allah ya saka. Amma ba zai koma ba."

Haka kusan kowane uba ya ce, da irin wannan ladabin. Da ruwa ya janye, Bishop ya zo da kansa ya ga bangon ɗakin kwana ya tsage daga sama har ƙasa, ya ga inda jinga take. Aka raba yaran da suka rage zuwa wasu makarantun coci a wasu garuruwa, aka ɗauke Fada zuwa wani wuri. Ni aka yi mini addu'a a gaban jama'a, aka ba ni agogon bango, aka ce na huta. Ajujuwan yanzu mutanen bulama suna ajiye shinkafa a ciki da izinin coci, har su samu su sake gina rumbunansu. Cocin tana kulle.

Muna zaune a Haɗeja, a ɗaki biyu kusa da gidan 'yarmu da mijinta. Matata ta zama wata mace daban. Ta san kowa a layin, tana zuwa suna da biki, maƙwabta Musulmi suna aiko mata da abincin salla tana aika musu da na Kirsimeti, ta fara soya kifi a ƙofar gida da yamma, dariyarta har bakin titi. Wani lokaci nakan zauna ina kallon ta ina lissafa shekarun da na hana ta wannan, sai in tashi in shiga ɗaki.

Ni kuwa ƙofa a buɗe take, ba mai tare ni, amma ban cika wuce kan kwanar layinmu ba. Coci ranar Lahadi, surukina ke kai ni a mota ya dawo da ni. Jiya matata ta ce in raka ta kasuwar kifi in ga gari. Na sa hula, na ɗauki sanda, muka kai bakin titi. Adaidaita da babura suna ta wucewa, ta kama hannuna za mu tsallaka, sai na ce ta yi gaba zan biyo ta. Ta dube ni, ta saki hannun, ta tsallaka ita kaɗai. Da ta dawo ta same ni a kan benci a ƙofar gida, ta ajiye kwandon ta ce in taya ta fere kifin.